Shari'ar George Reynolds: Ƙarin Auren da Ya Kai Kotun Ƙolin Amurka

A ranar 3 ga Agusta 1874, a birnin Salt Lake, wani magatakarda mai suna George Reynolds ya ƙara aure. Shekarunsa 32, haifaffen Landan ne, yana aiki a ofishin Brigham Young, shugaban cocin Mormon. Uwargidansa Mary Ann Tuddenham ce, tun 1865 suke tare, amaryar kuma Amelia Jane Schofield. A wajen jama'arsa ibada ya yi. A wajen gwamnatin tarayyar Amurka kuwa laifi ya aikata, wanda doka ta tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar dala 500. Wannan aure ne ya jawo hukuncin farko da Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa yankewa a kan iyakar 'yancin yin addini, kuma har yau alƙalan ƙasar suna kafa hujja da shi.

Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830. Mabiyansa sun sha kora: a 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya ba da umarnin a kore su daga jihar ko a ƙarar da su, a 1844 kuma wasu gungun mutane suka fasa gidan yarin Carthage a Illinois suka harbe Smith. Brigham Young ya ja jama'ar zuwa yamma, suka sauka kwarin Salt Lake, a yankin da ake kira Utah, a Yuli 1847. Auren mace fiye da ɗaya a ɓoye aka fara shi tun Smith yana raye, bisa abin da ya ce wahayi ne, wanda aka rubuta a 1843. Sai a Agusta 1852 cocin ya fito fili ya yi shelarsa.

Kada mai karatu ya auna wannan aure da mudun da ya saba da shi. Babu iyakar mata huɗu a cikinsa. Shi kansa Brigham Young ya auri sama da 50. Kuma ba halas ba ne kawai da mutum zai yi in ya ga dama, an koyar da shi a matsayin hanyar samun ɗaukaka mafi girma a lahira, manyan cocin ma ana sa ran su ne za su fara nuna misali. Duk da haka yawancin masu yinsa mata biyu suka tsaya a kai, kuma bisa ƙiyasin da cocin ya bayar da kansa, wajen 1870 kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na jama'ar yankin ne ke zaune a irin waɗannan gidaje.

Utah a lokacin ba jiha ba ce. Yanki ne da Majalisar Dokokin Amurka ke mulka kai tsaye tun 1850, kuma gwamnansa na farko shi ne Brigham Young. Wato mutum ɗaya ke riƙe da coci da gwamnati. Coci ke raba fili da ruwan noma, coci ke sasanta rigingimu, ranar zaɓe kuma ƙuri'un jama'a wuri ɗaya suke faɗawa. Wannan ne ainihin abin da ya tsone wa Washington ido, har Shugaba James Buchanan ya tura soja a 1857 aka sauke Young daga kujerar gwamna. Amma maganar wa ke raba ruwan noma ba ta tara jama'a a gangamin siyasa. Maganar mata kuwa tana tarawa. A 1856 sabuwar jam'iyyar Republican ta rubuta a manufofinta cewa za ta kawar da tagwayen ragowar jahiliyya daga yankunan tarayya: bautar da mutane da auren mace fiye da ɗaya. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta haramta ƙarin aure a yankunan, ta kuma hana kowace ƙungiyar addini a can mallakar filaye da gine-ginen da darajarsu ta haura dala 50,000. Wannan sashe na biyu ya isa ya nuna cewa ba gidajen aure kaɗai ake hari ba.

Shekara 12 dokar tana kwance. Da farko yaƙin basasa ya ɗauke hankalin kowa. Bayan haka kuma ƙananan kotunan yankin duk a hannun 'yan Mormon suke, kuma a tsarin Amurka 'yan gari ne ke zama su taya alƙali yanke wa mutum hukunci. Wa zai kama limaminsa da laifin abin da shi ma yake ganin lada ne? A 1874 dokar Poland ta ƙwace manyan shari'u daga waɗannan kotuna ta miƙa wa na tarayya, ta kuma sauya yadda ake zaɓen masu taya alƙali. Daga nan kowa ya san za a fara kame.

Shugabannin cocin sun yi imanin dokar 1862 ba za ta tsaya ba in aka kai ta sama, domin gyaran farko na kundin tsarin mulki ya hana Majalisa yin dokar da za ta hana mutum yin addininsa. Suka ga gara a gwada ta a kan mutum ɗaya mai sauƙin lamari kafin a kai ga dattawansu. Reynolds ya dace: matashi, mai biyayya, ba babba ba ne a shugabanci, aurensa kuma sabo ne, wa'adin tuhuma bai wuce ba. Aka tuhume shi a Oktoba 1874 bisa fahimtar cewa gwajin doka za a yi, hukuncin kuma mai sauƙi ne.

Fahimtar ba ta kai ranar shari'a ba. Da aka zauna a 1875, ɓangarorin biyu kowa ya zare takobinsa. Cocin ya koma neman a wanke shi ɗungurungum. Shaidu suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, 'yan'uwa da abokan aiki, kowa ya ce bai tuna an ɗaura wani aure ba. Lauyan gwamnati ya kusa tashi hannu rabbana, sai aka aika jami'i gida ya ɗauko Amelia ba tare da an kimtsa mata abin da za ta faɗa ba. Ta shigo kotu da ciki a bayyane, aka tambaye ta, ta ce ƙwarai mijinta ne. A al'adar shari'ar Turawa ba a tilasta wa mace ba da shaida a kan mijinta, amma tunda doka ba ta san Amelia a matsayin mata ba, wannan kariyar ba ta hau kanta. An yanke masa shekara ɗaya da tarar dala 300.

Kotun ƙolin yankin ta rushe hukuncin saboda kwamitin 'yan garin da ya tantance tuhumar mutum 23 ne, alhali dokar Utah 15 ta ce. Aka sake tuhumarsa. Wannan karon an nemi Amelia an rasa, sai alƙali ya yarda a karanto shaidar da ta bayar a zaman farko. A Disamba 1875 aka ba shi shekara 2 da aiki mai tsanani da tarar dala 500, wato ɗaurin ya ninka wanda ya samu kafin ya ɗaukaka ƙara.

Abin da kotu ta ce

An saurari ƙarar a Washington a Nuwamba 1878, aka yanke hukunci ranar 6 ga Janairu 1879. Yawancin hujjojin lauyoyin Reynolds na ƙa'idar shari'a ne: yawan mutanen kwamitin (yanzu kuma cewa suka yi 15 ya yi kaɗan), son zuciyar wasu masu taya alƙali, da karanta shaidar wadda ba ta nan. Kotu ta watsar da su duka. Game da Amelia ta ce wanda ya ɓoye shaida ba shi da bakin kukan ba a kawo ta ba. Mai shari'a Stephen Field kaɗai ya saɓa a wannan gaɓar. A kan maganar addini kuwa bakin alƙalan 9 ɗaya ne.

Alƙalin Alƙalai Morrison Waite ne ya rubuta hukuncin. Kundin bai fayyace mene ne addini ba, sai Waite ya koma tarihin jihar Virginia da rubuce-rubucen Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya ɗauko wasiƙar da Jefferson ya aika wa 'yan Baftis na Danbury a 1802, inda ya yi maganar katanga tsakanin coci da gwamnati. Ta wannan hukunci ne maganar katangar ta fara shiga bakin Kotun Ƙoli. Daga nan ya ja layinsa: Majalisa ba ta da iko a kan abin da mutum ya ƙudurce a zuciya, amma tana da iko a kan abin da ya aikata. Ya tambaya: in wani ya yi imanin addininsa na buƙatar a yanka mutum hadaya, gwamnati za ta naɗe hannu? In matar da mijinta ya mutu ta ce addininta ya ce ta ƙona kanta tare da gawarsa, ba za a hana ta ba? Ya ce in aka karɓi uzurin Reynolds, aƙidar kowa ta hau kan dokar ƙasa ke nan, kowane mutum ya zama doka ga kansa.

Wannan ɓangaren yana da ƙarfi, kuma babu ƙasar da za ta zauna lafiya in ba ta da wani layi irinsa. Matsalar ita ce bai amsa tambayar da ke gaban kotu ba. Kowa ya yarda akwai ayyukan da za a hana ko da sunan addini aka yi su. Abin da ake so a sani shi ne me ya sa auren Amelia, babbar mace da ta shiga da ƙafarta, ya shiga sahun yanka mutum. A nan ne Waite ya fito da abin da ke cikinsa. Ya rubuta cewa al'ummomin arewaci da yammacin Turai sun daɗe suna ƙyamar auren mace fiye da ɗaya, kuma kafin zuwan cocin Mormon kusan mutanen Asiya da Afirka kaɗai aka sani da shi. Ya ƙara da ra'ayin malamin siyasa Francis Lieber, cewa irin wannan aure yana haifar da mulkin uban gida, wanda in ya yaɗu yake ɗaure al'umma cikin kama-karya.

Bahaushe zai gane da wa ake, ko da ba a kira sunansa ba. Hujjar ba ta tsaya a kan cutar da aka nuna an yi wa wata mace ko wani yaro a gidan Reynolds ba. Ta tsaya ne a kan cewa Turawa ba sa yi, waɗancan ne ke yi. Auren mace ɗaya da kotu ta kare daga cocin Turai ya gangaro, Waite da kansa ya ambaci cewa kotunan coci ne suka daɗe suna hukunta masu ƙarin aure a Ingila. Amma da yake na masu rinjaye ne, sai aka kira shi tsarin zaman jama'a, na 'yan tsiraru kuma aka kira shi addini mai neman hawa kan doka.

Ba ina nufin gidajen nan aljanna ba ne. Akwai 'yan matan da aka aurar suna ƙanana, akwai matan da aka bari da 'ya'ya a gona mai nisa su ci da kansu, akwai waɗanda limami ya matsa wa har suka amince da kishiya ba da son ransu ba. Ann Eliza Young, ɗaya daga cikin matan Brigham Young, ta fita daga gidansa a 1873 ta zagaya Amurka tana tona abin da ta gani. Da kotu ta gina hukuncinta a kan shekarun aure da yardar mace da haƙƙin ciyarwa, da ta samu abin kamawa. Ba nan ta bi ba.

Daga baya kotun ta cire aiki mai tsanani daga hukuncin, domin babu shi a dokar. A Yuni 1879 aka kai Reynolds kurkuku a Nebraska, ba a jima ba aka dawo da shi na Utah. A can ya riƙa koyar da fursunoni karatu, ya kuma fara haɗa babban fihirisar kalmomin Littafin Mormon, littafin da cocin ke ɗauka mai tsarki. An sake shi a Janairu 1881. A 1885 ya auri ta uku.

Layin da bai tsaya ba

Ba shi kaɗai ya ƙi jin gargaɗin ba, cocin gaba ɗaya bai sauya ba. Tabbatar da ɗaurin aure kuma yana da wuya, tunda a asirce ake yi. Sai dokar Edmunds ta 1882 ta ƙirƙiro sabon laifi, zama da mace fiye da ɗaya, wata 6 da tarar dala 300. Ba a buƙatar shaidar aure. Ya isa a ga mutum yana shiga gida biyu. Dokar ta hana masu mata da yawa jefa ƙuri'a da riƙe muƙami, ta ba da damar cire duk wanda ya yarda da aƙidar daga cikin masu taya alƙali, ta ɗora hukumar mutum 5 a kan zaɓen Utah. George Q. Cannon, wakilin yankin a Majalisa, ya rasa kujerarsa a shekarar. Maza sama da 1,000 suka shiga kurkuku a shekarun da suka biyo baya. An tsare wasu mata saboda sun ƙi faɗin sunan uban ɗan da ke bayansu. Wasu iyalai suka tsallaka Chihuahua a Meziko, wasu Alberta a Kanada. John Taylor, wanda ya gaji Brigham Young, a ɓoye ya mutu a 1887.

A shekarar ce dokar Edmunds–Tucker ta rushe rajistar cocin ta ba da umarnin ƙwace dukiyarsa. Ta kuma yi wani abin da ya fi komai tona asirin masu cewa don mata ake yi. Matan Utah sun samu 'yancin jefa ƙuri'a tun 1870, shekara 50 kafin ya game Amurka. Wasu a gabas sun zaci za su yi amfani da shi su kayar da mazajensu. Ba su yi ba. A farkon 1870 ma dubbansu suka taru a Salt Lake suna Allah wadai da wani ƙudurin da aka kawo don a cece su. Da aka ga inda ƙuri'unsu ke zuwa, sai dokar 1887 ta karɓe 'yancin daga dukan matan yankin, da mai kishiya da marar kishiya da wadda ba 'yar Mormon ba ma.

A Idaho aka ƙure abin. An kawo rantsuwar da mai son yin zaɓe zai yi cewa shi ba ɗan wata ƙungiya ba ne mai koyar da ƙarin aure. Ko matarsa ɗaya, ko gwauro ne, zamansa ɗan cocin ya isa ya hana shi ƙuri'a. A Fabrairu 1890, a shari'ar Davis da Beason, Kotun Ƙoli ta ce hakan daidai ne. Shekara 11 ke nan bayan ta yi alƙawarin cewa hannun gwamnati a kan aiki zai tsaya. A Mayu kuma ta amince da ƙwace dukiyar cocin.

A Satumba 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya fitar da sanarwa yana shawartar mabiya su guji duk auren da dokar ƙasa ta hana, babban taro ya amince ranar 6 ga Oktoba. Daga baya ya shaida wa jama'arsa cewa an nuna masa abin da zai faru in aka ci gaba: za a karɓe haikalai, a ɗaure shugabanni, ibada ta tsaya. Mabiya suna ɗaukar wannan wahayi, masu suka suna cewa wuya ce ta yi wuya. Abin da ya biyo baya ne ya nuna abin da Washington ke jira tun farko. A 1891 cocin ya rushe jam'iyyarsa ta siyasa, aka ce wa mabiya su rarrabu tsakanin Republican da Democrat. Ranar 4 ga Janairu 1896 Utah ta zama jiha ta 45, da sharaɗin kundinta ya haramta ƙarin aure har abada. Mata suka sake samun ƙuri'arsu, kuma a zaɓen shekarar likita Martha Hughes Cannon, wadda ita ma da kishiyoyi take zaune, ta zama mace ta farko a Amurka da ta shiga majalisar dattawan jiha. Cikin 'yan takarar da ta kayar har da mijinta, Angus Cannon.

Rigimar ba ta mutu nan take ba, domin an ci gaba da ɗaura wasu aure a ɓoye. A 1900 Majalisar Wakilai ta hana B. H. Roberts, mai mata 3, zama a kujerar da ya ci. Reed Smoot kuwa matarsa ɗaya, amma yana cikin majalisar manzanni 12 ta cocin, sai Majalisar Dattawa ta shafe daga 1904 zuwa 1907 tana bincikensa. Ba aurensa ake tuhuma ba, tambayar ita ce in umarnin coci da na ƙasa suka ci karo wanne zai bi. Ana cikin binciken, a 1904, cocin ya sake fitar da sanarwa cewa duk wanda ya ƙara aure za a kore shi. Smoot ya tsira da kujerarsa, ya zauna a kanta har 1933.

Masu ƙarin aure a Utah da Arizona a yau ƙungiyoyi ne da suka ɓalle, babban cocin ba ya yarda a danganta shi da su. Shi kuwa ya koma cikin masu kare auren namiji ɗaya da mace ɗaya: a 2008 ya tara mabiyansa da kuɗinsu wajen goyon bayan ƙudurin da ya hana auren jinsi ɗaya a California, sai ga shi ana jifansa da zargin da kakanninsa suka sha, na cusa addini cikin dokar aure, amma daga ɗaya ɓangaren. A 2020 majalisar Utah ta sassauta hukuncin ƙarin aure tsakanin manya masu yarda ya koma ƙaramin laifi na tara, ta bar mai tsanani ga inda aka samu tilas ko zamba ko cin zarafi. Hukuncin Reynolds dai ba a soke shi ba. A 1990 Mai shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙoli ya jingina da shi a ƙarar wasu ma'aikata biyu a Oregon da aka kora, aka kuma hana su alawus na rashin aiki, saboda sun ci wani tsiro mai suna peyote a ibadar cocin 'yan asalin Amurka. Ya ce dokar da ta hau kan kowa ba ta buƙatar ta yi wa mai addini togaciya.

Wani reshen wannan rigima ya iso har ajin koyon lauya a Nijeriya. A 1866 wani Bature mai suna John Hyde, wanda ya yi aure a Utah sannan ya bar cocin Mormon, ya nemi kotun Ingila ta raba aurensa. Alƙalin, wanda aka fi sani da Lord Penzance, ya ƙi, ya ce kotunsa aure ɗaya ta sani: haɗuwar namiji ɗaya da mace ɗaya bisa yarda, har mutuwa, ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Hyde matarsa ɗaya ce, amma tunda dokar inda aka ɗaura ta ba shi damar ƙarawa, kotu ta ce wannan ba aure ba ne a wajenta. Wannan ma'anar ce ake koya wa ɗaliban dokar iyali a matsayin tushen auren rajista, wanda in mutum ya yi shi ƙofar ƙari ta rufe. Sai dai Turawan mulkin mallaka ba su ɗora ta a kan kowa ba, sun bar auren Musulunci a hannun alƙalai, na gargajiya a hannun masu shi, ukun suna tafiya tare har yau. Cocin Mormon ya turo masu wa'azi Nijeriya da Gana a 1978, ya buɗe haikali a Akara a 2004, a Aba kuma a 2005. Mai mata biyu da ya zo neman shiga ba a yi masa baftisma muddin yana tare da su duka.